Wace dabba ce wannan mai tsalle a kaikaice da ƙafa biyu?

Mushe Na-Ader (Tawa)

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina koyar da ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, a wata lakwal ta bayan gari nan Tawa, yara 58 ne a hannuna. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Talata, na ga gara in kawo shi gaban waɗanda suka fi ni sani.

Muna darasi ne kan yadda dabbobi ke tafiya. Na raba allo gida uku kamar yadda na saba kowace shekara: masu jan ciki, masu ƙafa biyu, masu ƙafa huɗu. Yaran sun san rabon nan tun daga makarantar malam, domin haka ya zo a Suratun Nur, aya ta 45, shi ya sa ba na shan wahalar darasin. Suna kawo suna ina rubutawa. Maciji da tana a gidan farko, jimina da zabo da mutum a na biyu, jaki da akuya da raƙumi da kare a na uku. Masu tashi da masu iyo na ce sai mako mai zuwa.

Sai wata yarinya da ke zama a bencin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, akwai wata dabba cikin salular yayana, ban san gidan da za a sa ta ba." Washegari yayan ya rako ta da salular, ya jira mu har hutun ƙarfe goma.

Bidiyo ne da bai wuce daƙiƙa ashirin ba. Dabba ce fara, fuskarta baƙa, da duhu a tsakar kai kamar ta sa hula, ga doguwar wutsiya. Girmanta bai fi na ƙatuwar kyanwa ba, sai dai ƙafafun. Ta sauko daga itace, ta tsaya kan ƙafa biyu, sannan ta ƙetare wani fili mai jar ƙasa kamar burji. Ba takawa take yi ba, tsalle take, kuma a kaikaice: gefen jikinta ne a gaba, ba ƙirjinta ba, hannuwa a buɗe suna sama suna ƙasa kamar mai rawa. Ta yi tsalle biyar ko shida, ta juya ɗaya gefen, ta ci gaba, ta kai wani itace ta maƙale.

Yara sun yi mini zobe suna jiran abin da zan ce. Na ce musu biri ne, kuma ko dai horar da shi aka yi, ko kuma haɗin kwamfuta ne irin wanda ya cika salula yanzu. Yarinyar ba ta ce komai ba. Ta karɓi salular da hannu biyu ta miƙa wa yayanta, ta koma bencinta. Amma na ga fuskarta.

Da dare na sa aka turo mini bidiyon ta WhatsApp, na kalle shi ya fi sau goma. Ƙura tana tashi daidai inda ƙafa ta dira. Inuwa tana bin ta yadda ya kamata. Kuma can baya akwai wata irinta, da ɗa maƙale a gadon bayanta, tana irin tsallen. Wa zai tsaya horar da mai goyo? A ƙasan hoton an rubuta sunan Madagaska kawai.

Na ba yara amsar da ni kaina ban tabbata da ita ba, kuma wadda ta yi ƙarfin halin tambaya ita ce na kashe wa gwiwa. Ina so in koma ajin da gyara ranar Litinin. Don Allah wanda ya sani ya taimake ni: mene ne sunanta, da gaske haka take tafiya, me ya sa, kuma a wane gida zan sa ta?

Ɗan Bukoki (Yamai)

Wa alaikumus salam Mushe. Ni dai ina ganin amsarka ta farko ba ta yi nisa da gaskiya ba. Muna yara masu wasa da biri sukan shigo unguwarmu da gwaggon biri an sa masa ɗan wando, ana kaɗa ganga yana tafiya da ƙafa biyu, har ya sara wa mutane kamar soja, a jefa masa dala biyar. Amma da an sassauta igiya sai ka ga ya dafa ƙasa ya koma kan huɗunsa. Ba banza aka ce biri ya yi kama da mutum ba. Ka sa shi cikin masu ƙafa huɗu ka huta. Mai goyon da ka gani a baya wataƙila kwaikwayo take yi, ai biri gwanin kwaikwayo ne.

Malama Ta-Harobanda (Yamai)

Mushe, sannu da ƙoƙari, kuma ka gaishe mini da yarinyar nan da kyau. Ilimin halittu nake koyarwa a lise, shekara goma sha huɗu ke nan, kuma irin tambayarta ce nake roƙon Allah Ya kawo mini a aji.

Bidiyon gaskiya ne. Yadda ka siffanta ta, fara mai baƙar fuska da duhu a ka, wannan sifaka ce, irin ta kudu da kudu maso yammacin Madagaska da masana ke kira sifakar Verreaux. Daga kukanta aka samo sunan: in ta hango abin tsoro a ƙasa takan yi wata ƙara kamar atishawa, "shi-fak", mutanen tsibirin suka laƙaba mata. Babba ba ta wuce kilo 3 zuwa 4 ba.

Ƙanena Ɗan Bukoki, ba biri ba ce, dangi ne dai na nesa. Tana cikin zuriyar da ake kira lemur. Sun fi iri 100, kuma ba a samun su a daji ko'ina sai Madagaska, in ban da iri biyu da ke tsibiran Komoro, su ma ana jin mutane ne suka kai su. Ka dubi hancin lemur, a jiƙe yake kamar na kare, na biri kuwa a bushe kamar namu. Haƙoransa na ƙasa na gaba sun kwanta sun jeru kamar matsefi, da su yake tsefe gashinsa da na ƴan'uwansa. Gwaggon birin da ka gani tilasta masa aka yi, shi ya sa yake komawa kan huɗu da ya sami sarari. Ita wannan babu wanda ya koya mata.

Mushe, abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: abin da kuka gani a ƙasa ba shi ne ainihin tafiyarta ba. A bisa itace take rayuwa, kuma ba ta bin reshe a kwance yadda kyanwa ke bin katanga. Rungumar jikin itace take yi a tsaye, kamar mai hawan giginya, gwiwoyi a naɗe har ƙirji. In za ta tashi sai ta waiga ta auna itacen da take nufi, ta tunkuɗa da ƙafafun baya gaba ɗaya, ta fita da baya-baya, ta juya a cikin iska, ta miƙa ƙafafu gaba. Su ne ke fara dira a jikin itace na biyu, sannan hannuwa su kama. Kafin ka ƙifta ido ta sake tashi. Tsalle ɗaya yana iya kai mita 9 ko 10, ka auna tsawon ajinka ka gani. Wasu masana biyu, Napier da Walker, su ne suka ware wannan a matsayin tafiya mai zaman kanta a 1967, mu ce maƙalewa a tsaye da tsalle. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne dajin kudu da take yin haka a cikinsa: itatuwa ne dogaye kamar sanduna, ƙaya jere tun daga gindi har ƙoli, ita kuma tana dira a kansu da ƙarfi ta wuce lafiya.

Jikin da zai yi wannan aiki dole cinya ta yi tsawo da ƙarfi, hannu kuwa ba a buƙatarsa da tsawo. Akwai wani awo mai sauƙi da ɗan CM2 zai iya yi. A auna hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, a raba da tsawon ƙafa daga ƙugu zuwa idon sawu, a ninka sau 100. Gwaggon biri yana wajen 95, wato hannu da ƙafa kusan kai ɗaya, shi ya sa tafiya kan huɗu ta zauna masa daram. Gibon, wani biri marar wutsiya na dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya mai lilo da hannu daga reshe zuwa reshe, yana wajen 130. Sifaka wajen 60 take. In ta ce za ta dafa ƙasa da hannu, gindi zai yi sama, kai ya yi ƙasa, ba ta da saurin da za ta tsere wa kare. Sai ta yi a ƙasa abin da jikinta ya iya a sama. Tsallen nan dai ne, an kwantar da shi. Ƙafa ɗaya tana gaba ɗaya tana baya, ta baya ke fara dira sannan ta gaba, kamar sukuwar doki amma da ƙafa biyu. Hannuwan da kuka ɗauka rawa ce, daidaita jiki take yi da su, yadda yaro ke buɗe hannu in yana bin bakin kwalbati. Juyawar da ka lura da ita kuwa, sauya ƙafar da ke ja gaba take yi.

Kada kuma yara su ɗauka duk lemur haka yake. Akwai mai wutsiyar zobe-zobe, baƙi da fari, da ake ce wa maki. Shi kan huɗu yake tafiya, wutsiya a tsaye kamar tuta, kuma ya fi kowane lemur zama a ƙasa. Akwai indri, babbansu a yau, mai kaiwa kilo 9, wutsiyarsa ɗan guntu ce kawai, amma tsallensa irin na sifaka ne. Akwai ƙaraminsu mai kamar ɓera, giram 30 kacal, yana gudu a kan siraran rassa da dare. An kuma tono ƙasusuwan waɗanda suka ƙare: wasu masu dogayen hannuwa da yatsu lanƙwasassu da ke rataye a ƙarƙashin reshe, da wani da ya kai girman gorila. Tsibiri ɗaya da bai kai rabin faɗin Nijar ba, dangi ɗaya, tafiya iri-iri.

Da yawa daga irin bidiyon nan a wani ɗan gandu ake ɗaukarsu mai suna Berenty, a bakin kogin Mandrare. Kurmin tsamiya ne, tsamiyarmu dai da muka sani, gonaki sun kewaye shi, hanyoyi sun ratsa shi. Inda itace ya haɗu da itace ba ruwanta da ƙasa. Tana sauka ne inda tazara ta fi ƙarfin tsallenta, kuma a nan kare ke samun ta. Shi ya sa ni in na ga wannan rawa da ake yaɗawa ana dariya, raina ba ya yin fari sosai. A 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce cikin iri 107 na lemur da ta duba, 103 suna cikin haɗarin ƙarewa, kuma ta sa wannan sifaka a matakin da daga shi sai ɓacewa. Saran daji da gawayi da ƙonawa domin noma, abubuwan da mu ma ba baƙinmu ba ne.

Zancen gida kuwa, ka ƙara gida a allon, na masu tsalle, ka sa ta tare da kwaɗo da fara da zomo. Ayar da ka ambata ba ta ce ukun nan ne kaɗai ba, a ƙarshenta cewa aka yi Allah Yana halittar abin da Ya so. Ai fara ƙafa shida gare ta, gizo-gizo takwas.

Baba Mai Raƙuma (Abalak)

Salamu alaikum. Jikana ya karanta mini zancenku, ni ka hwaɗi shi ka rubutawa. Ban taɓa ganin dabbar ga ba sai jiya cikin salula tai. Amma zancen Malama na tsawon ƙahwa ya shige ni ƙwarai, don shekara arba'in na yi ina bin raƙuma tsakanin Abalak da Tawa da Ƙonni.

Ɗana Mushe, kun sa raƙumi da doki da jaki gida guda don dut ƙahwa huɗu gare su. Wanda ya hau su ya san ba tahiyarsu guda ba. Raƙumi in shina sauri, ƙahwar gaba da ta baya na gehe guda ka tashi tare: dama da dama, hauni da hauni. Shi ya sa mahayi ka rangaji gehe da gehe, baƙon hawa har ciki nai shi juya. Doki in shina sassarhwa a giciye shi ka ɗagawa, dama ta gaba da hauni ta baya, shi ya sa shi ka jehwa ka bisa, ka dawo bisa sirdi, in ba ka iya zama ba ka kwana da ciwon ƙugu. Sukuwa kuma daban ta, akwai lokacin da ba ƙahwa ko guda ƙasa.

Ubana, Allah Ya jiƙan shi, shi ya gwada mini dalili ina yaro. Ya tsai da wata taguwa tamu ya ce in dubi tsawon ƙahwa, in dubi kuma tsakanin ta gaba da ta baya. Ƙahwa doguwa, tsakani kaɗan. Ya ce in ta yi irin ta doki, ta baya za ta ishe ta gaba ta buge ta. Da ta ɗaga na gehe guda tare, kahin ta baya ta iso ta gaba ta kauce. Raƙuman dawa na Kure ma haka su ka takawa, na gane su sau guda da munka bi hanyar Doso za mu Yamai, munka tsai da mota muna kallo. Na ji an ce an ɗauki takwas cikinsu an kai Gadabeji cikin 2018. Ko kare, ku dube shi daga baya in shina sassarhwa, za ku ga gindi nai ya ɗan karkace, bai bin kai daidai, don ƙahwar baya ta samu wurin wucewa gehen ta gaba.

Masu jan ciki ma kada ku gama su. Mu da sawu mu ka sanin su, don ran mutum da na bisa na wurin. Kasa miƙe ta ka tahiya, a hankali, sawunta awa an ja taɓarya cikin rairayi. Kububuwa in ta ishe rairayi mai tabshi takan jehwa jikinta gehe, sawun shi hita tsinke-tsinke, wanga bai taɓa wanga ba. Yaron da bai rarrabe su ba, ba mu barin shi shi bi bisashe da marece.

Shawarata, kai ɗiyan ga kasuwar bisashe ran Lahadi nan Tawa. A ja raƙumi, a ja jaki, su duƙa su dubi ƙahwa. Ita kau yarinyar ga, Allah Ya yi mata albarka.

Tsohon Jagora (Talaje, Yamai)

Baba, Allah Ya ƙara girma, ka tuna mini da abubuwa. Malama, ki ba ni dama in ɗora kaɗan a kan naki, domin Mushe ya san ba sai an je Madagaska ba.

Na yi shekaru ina yi wa baƙi jagora a gandun dajin W, ta mashigar Tapowa, tun lokacin da ake zuwa a kwana lafiya. Muna da ɗan'uwan lemur a can, galago. Da rana ba ka ganin sa, yana cikin kogon itace. Da dare in ka haska tocila cikin farar ƙaya sai ka ga idanu biyu jajaye kamar garwashi. Ka ɗan motsa, su ɓace, su bayyana a wani itacen can gefe, ba ka ga lokacin da ya tashi ba. Bai kai kurege ba, giram 200 ne ko ƙasa da haka ko sama kaɗan, manyan kunnuwa da yake naɗewa, doguwar wutsiya mai gashi. An auna tsallensa sama tsaye ya wuce mita 2. Wani dare ɗaya ya sauko ƙasa kusa da inda muka hura wuta, ya ƙetare hanyar mota. Kan ƙafa biyu ya ƙetare, ɗis, ɗis, ɗis, hannuwa a ƙirji. Shi gaba yake fuskanta, ba kaikaice ba, amma da na ga bidiyon da Mushe ke magana sai ya faɗo mini a rai.

Wata baƙuwa mai nazarin dabbobi da na taɓa rakawa ta nuna mini bambancin a hoton ƙashi. Shi galago, ƙasusuwan dunduniyarsa ne suka yi tsawo, tafin ƙafar ya zama kamar ƙarin gaɓa, da shi yake cilla kansa. Sifaka ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ita a cinya ƙarfinta yake.

A dajin nan kuma akwai jan biri, kishiyarsu ke nan. Shi itace wurin kwana ne da hange, tafiyarsa a ƙasa take. Gaba da baya duk dogaye, ƙugu siriri kamar karen farauta, a kan yatsu yake takawa. Yana kai kilomita 55 a awa, babu birin da ya kai shi gudu a duniya. Manoman Ader sun san shi a gonar gero da wake, ba sai na faɗa ba.

Kuma Mushe, in ka zo darasin masu iyo mako mai zuwa, ka yi hankali da dorina. Masu kwale-kwale na Ayoru za su gaya maka, ba iyo take yi kamar kifi ba, ƙasan gulbi take takawa tana tunkuɗawa, ta taso ta shaƙi iska ta koma.

Mushe Na-Ader (Tawa)

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na gode da addu'a, na isar mata. Ga yadda muka yi yau Litinin.

Kafin komai na tsaya gaban aji na ce ranar Laraba na gaya muku abin da ba daidai ba. Dabbar nan gaskiya ce, ba biri ba ce, ba wanda ya horar da ita, kuma ƴar'uwarku ce ta sa muka sani. Na kira ta na ba ta alli ta ja layi ta ƙara gida na huɗu da hannunta, ta rubuta sifaka. Hannunta yana ɗan rawa, amma ta rubuta da manyan baƙaƙe. Nan take yara suka cika gidan da kwaɗo, fara, zomo, gyare, har wani ya ce ƙuma.

Sai muka fita tsakar lakwal. Na ce kowa ya yi tafiya kan huɗu daga gindin bedi zuwa randa, ba da gwiwa ba, da tafin hannu da tafin ƙafa. Malama, abin da kika faɗa ne ya faru ƙiri-ƙiri. Gindi sama, kai ƙasa, jini ya taru a fuska, kafin taku goma wuya ya gaji da ɗaga kai. Akuyar mai gadi tana gefe tana kiwo, na ce su dubi bayanta yadda ya miƙe kamar benci. Ba sai na yi bayani mai tsawo ba. Daga nan muka gwada tsallen kaikaice, sai wasa ya koma langa, da ƙyar na tattaro su.

Mun auna tsawon ajin da mitar tela da na aro wurin maƙwabcina: mita 9. Na ce daga allo zuwa bangon baya, tsalle ɗaya. Ajin ya yi tsit.

Sannan muka yi awon hannu da ƙafa, bibbiyu, maza da maza, mata da mata, ya zama darasin rabawa ma. Yawancinsu sun faɗa tsakanin 65 da 73. Ita yarinyar hannu santimita 45, ƙafa 66, ta samu 68. Ta daɗe tana kallon allonta, sai ta sake ɗaga hannu, wannan karon ba ta jira na kalli wajenta ba. Ta ce, "Mushe, 68 ya fi kusa da 60 bisa ga 95. In tsawon ƙafa ne ya sa ta tsalle, mu me ya sa muke takawa?"

Na ce mata ban sani ba, amma zan tambayo. Malama, ga ta nan na kawo miki.

Malama Ta-Harobanda (Yamai)

Masha Allah. Ka ce mata lissafinta daidai ne, mutum wajen 70 yake. Awon yana gaya maka wanda tafiya kan huɗu za ta yi wa wuya, mu da sifaka duk muna ciki. Abin da za ka yi da ƙafa biyun kuma, sai an dubi ƙugu da tafin ƙafa.

Ƙugunmu gajere ne mai faɗi kamar ƙwarya, naman gefensa yana riƙe jiki ya tsaya a kan ƙafa ɗaya yayin da ɗayar ke lilo gaba, gwiwa kuma tana miƙewa sarai. Tafiyarmu ke nan, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Tafin ƙafarmu yana da dunduniya mai kauri da lanƙwasa a tsakiya, babban yatsa ya jeru da sauran yana tura jiki gaba. Na sifaka kuwa hannu ne na biyu: dogo, babban yatsan ya ware can gefe kamar bakin awartaki, domin ya damƙi itace a lokacin dira. Ƙugunta da gwiwarta sun saba da naɗewa da cillawa tare.

Gobe ka kawo taɓarya aji ka tsayar da ita a ƙasa. Ka ce ta cire takalmi ta kama ta da hannu tukuna, ta lura da inda babban yatsa ya zagaya. Sannan ta zauna ta gwada kama ta da ƙafa.